Asabar: na fito daga cikin ruwa

Yau ban je ko'ina ba. Tun bayan azahar hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge, aka ɗauke wuta, sai na kishingiɗa a tabarma da waya a hannu. A cikin makon nan ne na sauke Sonic the Hedgehog, gem ɗin bushiyar nan shuɗiya da kamfanin Sega ya fitar a 1991 don na'urar Mega Drive. Shi muke bugawa muna yara a wani ɗan shago a bayan layinmu, ni da yayana, da 'yan canjin da muka rage daga kuɗin tara.

Na wayar ba tsohon kaset ɗin aka kwafo aka liƙa ba. Wani ɗan Ostireliya, Christian Whitehead, wanda shi ma da son gem ɗin ya taso, shi ya jagoranci sake gina shi a 2013. Hoton ya buɗe ya cika fuskar waya, an ƙara Tails da Knuckles, abokan Sonic da za ka iya ɗauka a madadinsa, an kuma saka dunƙulewar nan da Sonic yake yi a tsaye ya harba da gudu, wadda asali sai a na biyu, na 1992, ta fara fitowa. Amma Green Hill, matakin farko, tana nan yadda na bar ta, bishiyoyi da gadar katako da ƙarar zobba idan ƙaya ta soke ka suka watse.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ajiya. Kaset ɗin dā ba ya riƙe inda ka tsaya. Wuta ta ɗauke ko kuɗinka ya ƙare, gobe daga farko za ka soma. Shi ya sa duk yarintata ban taɓa wuce mataki na huɗu ba, Labyrinth, inda ake nutsewa a ruwa. Can Sonic nauyi yake yi, gudu ya gagara, numfashinsa kamar daƙiƙa 30 ne, sai ka tsaya kan wata ɓula kana jiran babban kumfa ya taso ka shaƙa. In ya makara, lambobi su bayyana suna raguwa daga 5, kiɗan ya canza yana ƙara sauri. Wallahi yau da na ji kiɗan nan sai da tafin hannuna ya jiƙe.

Ɗana yana jingine da kafaɗata. Ya ce, "Abba, ka ɗauki Tails mana, ai ya iya iyo." Gaskiyarsa. Na ce masa da Sonic na fara, da shi nake so in gama.

Dannawa a gilashi akwai wahala. Hannun gem na dā yatsa yana jin maɓalli ba sai ka duba ba. Nan kuwa babban yatsana yakan zame daga da'irar da ake dannawa daidai lokacin tsalle, rai uku na rasa a haka. A ganina wannan ne kaɗai abin da wayar ta kasa dawo da shi.

Ana gab da kiran magariba na iso ramin ƙarshe, inda kake bin Robotnik, abokin gabar Sonic, sama ruwa na biyo ka, mashi yana fitowa daga bango. A karo na shida na haye. Sai ga Star Light, gari da dare, fitilu da taurari, kiɗa mai sanyi. Ban taɓa ganin wurin da idona ba sai yau.

Bayan isha'i na kira yayana. Na ce, "Yaya, na wuce ruwan nan." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Wane ruwa?" Da na ce na Sonic, sai ya ce in faɗa masa abin da ke gaba. Mun fi rabin awa a waya. Gobe zai zo da yamma, ya ce kada in taɓa mataki na gaba sai ya iso.