Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadda Bakina Ya Buɗe a Malmo

Assalamu alaikum masu bibiyar labarin nan. A makon jiya mun tsaya ne a inda lambata ta fito daga ofishin haraji, wato lambar shaidar da suke kira personnummer. A Suwidin in ba ka da ita, kusan komai naka a tsaye yake. Ranar da takardar ta iso Abban yara ya ce, "Maman yara, yanzu kuma sai makaranta." A daren ya cike min takardar neman shiga SFI.

SFI darasin yaren ƙasar ne da hukumar gari ke bai wa baƙi kyauta, ba a biyan ko sisi. Matakai huɗu ne, daga A zuwa D, kuma sai an duba karatun da ka zo da shi kafin a ajiye ka. Wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba daga A zai soma. Ni da na yi kwalejin malamai a gida, C aka kai ni. Aƙalla awa 15 ake yi a mako. Na fara ne da sanyin ƙarshen 2018, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma. In fita da duhu, in dawo in yi la'asar a gurguje don magariba ta kawo kai.

Yawancin 'yan ajinmu mutanen Siriya ne, cikin kusan mutum 163,000 da suka nemi mafaka a ƙasar a 2015, sai 'yan Somaliya da Eritiriya da Afganistan. Kusa da ni wani dattijo ne ke zama, likitan haƙori daga Halab, gemunsa duk furfura. Biro biyu yake zuwa da su, ja da shuɗi. Sunayen abubuwa a yaren kashi biyu ne, masu ɗaukar en da masu ɗaukar ett, kuma babu wata ƙa'ida tsayayya da za ta raba maka su, sai hadda irin ta makarantar allo. Shi sai ya rubuta kowane kashi da launinsa, yana bita a hankali leɓensa na motsi. Mutumin da ya shekara ashirin ana layi a ƙofarsa. Duk ranar da na ji kasala, kallonsa kawai nake in ji kunya ta kama ni.

Abin da ya fi yi min nauyi da farko shi ne kiran malamarmu da sunanta. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ta ce tun wajejen ƙarshen shekarun 1960 suka ajiye laƙabi, likita da shugaban makaranta duk da sunan yanka ake kiransu. Har na bar ajin bakina bai iya ba. Hannu nake ɗagawa in jira ta waiwayo.

Hausa ta taimake ni ta inda ban zata ba. Haruffansu 29 ne, wasula tara, kuma kowanne ana jansa ana taƙaita shi, ma'ana ta sauya. Suna kuma da hawa da saukar murya a cikin kalma. Kunnen Bahaushe da wannan ya tashi, don haka abin da wasu ke cewa ba su ji bambancinsa ba, ni ina ji raɗau. Sannan yadda muke cewa littafi, littafin, su ma a wutsiyar kalma suke liƙawa: bok, boken. Inda na sha wuya shi ne tsarin jimla, da dole aikatau ya zauna a gurbi na biyu ko da me ka fara, sai kuma sautin nan na farkon sju, wato bakwai, mai fita kamar huci.

Amma duk wannan a aji ne. Waje daban. Malmo tana yankin Skone, wanda ke hannun Danmak har zuwa 1658, kuma ga Kopenhagen can tsallaken gadar da aka buɗe a 2000. Maganarsu daga maƙogwaro take fita, suna lanƙwasa wasula, ba irin ta faifan da ake kunna mana ba. Direban bas zai yi magana, in tsaya ina kallonsa. Da ya ga haka sai ya juya Turanci. Haka a kanti, haka a asibiti, haka ko'ina. Don kyautatawa suke yi, na sani, amma gata ne mai cutarwa. Kafin wata uku 'yan ajinmu da ba su jin Turanci sun wuce ni a baki, don su ba su da wata mafita. Ni ina cin jarrabawar takarda, su suna ciniki da gardama a kasuwar Mollevongen. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai. Duk ɗan Najeriya ko Gana da zai zo nan, wannan ramin ya fara kiyayewa.

Sai na haddace jimla guda ta roƙo cewa a yi min yaren, koyo nake. Duk wanda ya juya Turanci in faɗa masa, in ci gaba da nawa gurguwar maganar. Na riƙa zuwa zaman hira na baƙi a babban ɗakin karatu na gari, ina karanta 8 Sidor, jaridar da ake rubutawa da sauƙaƙan kalmomi.

Inda Allah ya ajiye rabona kuwa, ɗakin wanki ne. Gidajen haya a nan suna da ɗakin injinan wanki a ƙasa, kowa ya kama lokacinsa a allo, kuma ba a wasa da shi. Can na haɗu da makwabciyarmu, tsohuwa da ta haura tamanin, Turancinta bai taka kara ya karya ba. Ta kama hannuna ta nuna min ragar da ke tare audugar kaya a injin busarwa, ta zaro ta, ta murje da yatsa, tana faɗin sunan kowane abu sau biyu, ta jira in maimaita. In na karkace sai ta girgiza kai ta sake. Daga nan ta fara kirana shan gahawa a ɗakinta ranar Laraba. Ta ba ni labarin mijinta da ya yi aiki a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Kockums kafin aikin ya mutu, ni kuma in ba ta na Zariya da ɗan abin da ke bakina. Mama nake ce mata. Ranar farko ta ce ba a saba haka ba a nan, amma ba ta hana ni ba.

Da bazara na ci jarrabawar ƙasa ta matakin C. A satin ne makarantar renon yara ta kira iyaye ganawa, Abban yara kuma yana wurin aiki. "Ki je ke kaɗai, za ki iya," in ji shi. Na je gabana na faɗuwa. Malamar ta ce 'yata ba ta cin kifi, ba ta barcin rana, amma ita ke jan sauran yara waƙa. Na gane duka. Har na tambaye ta wace irin rigar ruwa zan sayo, ta rubuta min a takarda.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za ku ji yadda aka tura ni koyon aiki gidan kula da tsofaffi, da wayar da aka yi min daga gida ana gobe zan fara.