Saƙon godiya ga gidauniyar jinƙai ta Cocin Methodist

A madadin kwamitin lafiya na gundumarmu da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi, muna miƙa godiya ga gidauniyar jinƙai ta Cocin United Methodist bisa tallafin da ta ba mu, wanda aka kammala aikinsa aka damƙa mana. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Muna gode wa iyayenmu sarakuna da masu unguwanni, da limamai da fastocin da suka yi ta shela a masallatai da majami'u, da iyayenmu mata ungozomomi da suka baro gonakinsu suka zauna ɗaukar horo.

Mu a Taraba wannan hannu ba baƙo ba ne. Tun 1923 'yan mishan ɗin da cocin ya gada suka sauka a Bambur, asibitin Zing kuwa kowa ya san shi. A 2010 cocin ya ƙaddamar da gangamin tara dala miliyan 75 don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Afirka. Abin da ya fi burge mu a wannan karo shi ne ba a kashe kuɗin a fenti da allon sanarwa ba. An tambaye mu inda ke mana ƙaiƙayi, aka sosa wurin.

Babban abin da muka samu shi ne firij ɗin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana kai tsaye, babu batir, wanda shi ne ke fara mutuwa a irin na da. Dole sanyin cikinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, ana dubawa safe da yamma a rubuta a takardar da ke jikinsa. Mutane zafi kawai suke tsoro, alhali ƙanƙara ta fi ɓarna. Allurar penta (mai kare cututtuka biyar) da ta ciwon hanta da ta tetanus (ciwon sarƙewar haƙora) idan suka daskare sun mutu, ko da sun narke sun koma kamar ba abin da ya same su. Shi ya sa ba a saka ƙanƙara a akwatin fita ƙauye sai ta fara narkewa, an girgiza an ji motsin ruwa a ciki. A jikin kwalbar allura akwai ɗan da'ira mai murabba'i a tsakiya. Idan murabba'in ya yi duhu kamar da'irar ko ya fi ta, a jefar. Allurar ƙyanda da BCG ta tarin fuka kuwa, da zarar an haɗa su da ruwansu, awa 6 ne wa'adinsu. Muna roƙon jama'a, don Allah, firij ɗin nan ba na ruwan sha ba ne, ba na zoɓo ba ne, ko da wa ya aiko. Farantan sola kuma a riƙa goge su da tsumma mai laushi da sassafe, musamman da hunturu, domin ƙurar hazo na rage musu ƙarfi.

Ga iyaye mata: ranar haihuwa akwai rigakafi, sai sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sannan ta biyu ta ƙyanda a wata 15. Wannan ta ƙarshen ce aka fi mantawa. A adana katin yaro a leda.

An kuma kawo kayan gwajin zazzaɓi. Ɗigon jini ne daga yatsa, a jira minti 15 zuwa 20 gwargwadon abin da ke rubuce a kwalin. Wanda ya yi gaggawar karantawa zai sallami mara lafiya, wanda ya bar shi ya daɗe zai ga layin ƙarya. Ba kowane zafin jiki ne na sauro ba, don haka kada a yi fushi idan jami'i ya hana magani bayan gwaji. Mai ciki za ta fara shan Fansida, maganin kariya daga zazzaɓin sauro, daga sati 13 na cikin, ƙwaya 3 a gaban ma'aikaciya, da tazarar wata guda, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a kwana ciki, kada ya sha rana. Ba don shingen lambu ko kamun kifi aka kawo shi ba.

Horon ungozomomi ya tsaya kan abu biyu: gane haɗari da wuri, da kula da cibiya. Zubar jini, jijjiga, kumburin fuska da ciwon kai, ko naƙudar da ta wuce awa 12, babu jira, sai asibiti. Cibiya kuma a bar gashi da tsumma da shafa man goge baki, a yi amfani da man kulohezidin da aka raba. A kula, na cibiya ne kaɗai. Idan ya shiga idon jariri yana iya makantar da shi. Yaro mai gudawa a dama masa ƙunshin gishiri da sukari a ruwa mai tsabta gwargwadon awon da ke jikin takardar, abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa masa da ƙwayar zink har kwana 10 ko da gudawar ta tsaya.

Tallafi yana da ranar ƙarewa, gyara kuwa ba shi da ita. Saboda haka kwamiti ya buɗe asusun gyara, ya ɗora wa mutum biyu alhakin firij da farantansa, don kada tafiyar mutum ɗaya ta tsayar da aiki. An liƙa lissafin kuɗin da aka kashe a ƙofar asibiti, rasit-rasit suna hannun ma'aji, duk mai son dubawa ya zo ranar kasuwa bayan an tashi awon ciki.

Allah ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya, amin.

Kwamitin lafiya na gunduma