Shekara shida ina gugar fenti, ranar Asabar na ɗauke bokitina

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce na tattara kayana na bar garejin fentin motocin da nake aiki, bayan shekara shida da 'yan watanni. Kayan ma ba wasu masu yawa bane, injin folish ɗina da na saya na hannu a Ƙofar Ruwa, robar guga guda biyu, sai tsohon bokitin fentin da nake jiƙa sanfefa a ciki. Lafiya lau muka rabu da oga, har albarka ya sa min a gaban yara nace amin. Amma akwai abin da ya tsaya min a wuya tun sanyin 2021, inaga in ban faɗe shi ba bazai wuce ba.

Camry ce Muscle baƙa, lambar fentinta 202, kuma duk mai fenti ya san baƙar mota bata rufa wa kowa asiri. Ta wani Alhaji ce da zai aurar da 'yarsa, da ita za a kai amarya ranar Lahadi. Motar ta daɗe a hannun masu gyaran bodi, bata iso wajenmu ba sai a ƙurarren lokaci, oga da kansa ya fesa kiliya, wato ruwan ƙyallin nan marar launi da ake fesawa a saman kala, ranar Alhamis bayan la'asar, a rumfar nan tamu da muka kewaye da leda don mu ba obin gare mu ba, wato ɗakin gasa fenti, kuma kun san Kano a watan Janairu, ko tanka guda ka yayyafa a ƙasa sai ƙura ta sauka. Da gari ya waye jikin motar duk ya yi gurji-gurji irin na bawon lemo, bonet kamar an barbaɗa masa tsaki, ga hawaye guda biyu sun gangaro a ƙofar baya.

Da sassafe ranar Juma'a yace in fara guga. Na buɗe ƙofa na danna farce a lungun da ido baya kaiwa, farcen ya bar shaida. Nace oga bata gama kamawa ba, sanyin nan ya hana ta, a bari zuwa gobe da hantsi. Ko kallona bai yi ba yace "kai yaro, kai zaka koya min fenti? Alhaji zai zo bayan masallaci, ɗauki bokiti." Abin da ban sani ba a lokacin, sai daga baya yaron da ya haɗa masa kayan ya gaya min, ashe kiliyar ce bata isa ba, ya ƙara mata tina, ruwan tsinka fenti, ya tsinka ta don ta zagaye motar, hannu biyu ya ba ta marasa kauri. Kiliya kuwa ko ta kirki ce duka kaurinta bai fi silin gashi ba, a cikin wannan ɗin ake so ka ci tudu ka daidaita shi da kwari kuma ka bar saura.

Gugar ma ta tafi da kyar. Na jiƙa sanfefa mai lamba 1500 kamar minti sha biyar da ɗan sabulu, na naɗe ta a roba, ina tafiya layi ɗaya ina sharewa ina dubawa, duk inda ɗigon ƙyalli ya rage to kwari ne ba a kai gare shi ba tukuna. Ruwan yana fita fari kamar tsinkakken nono, wannan alama ce har yanzu cikin kiliya kake. Sai dai takardar tana ta toshewa, tana yin wasu ƙananan ƙulalai masu ja maka layi, ban yi nisa ba sai na canza wata. Na bi da mai lamba 2000, wadda ta fi laushi, a gicciye har jikin ya dushe gaba ɗaya ba ƙyalli ko ɗaya, na ɗan samu natsuwa nace ƙila mun tsira.

A wajen inji ne abin ya faru. Na sa faifan gashin tunkiya da man gugan nan G3, na gama rufi na gama ƙofofi suna ta fitowa kamar madubi, na dawo bonet, daidai ƙashin nan da ya gangaro wajen fitilar hagu. An fara kiran sallah ina sauri, na ƙara wa injin gudu, ban manna tef a bakin ba, kuma na bari faifan yana juyowa yana cin bakin maimakon ya dinga fita ta kansa. Wallahi ban fi daƙiƙa uku a wajen ba. Ina ɗaga inji na ga gashin ya yi baƙi, gabana ya faɗi, na share da tsumma sai ga wani dusasshen tabo tsawon ɗan yatsa da zobe kewaye da shi. Na huda kiliyar na shiga kala. Wannan baya gyaruwa da shafe-shafe, sai an sake fesa bonet ɗin sukutum.

Rashin tef da gudun inji laifina ne, ban taɓa musun wannan ba ko sau ɗaya. Abin da ya ƙona min rai shi ne da Alhaji ya iso yana ta salati, oga ya dafa ƙirji yace "ranka ya daɗe ka yi haƙuri, yaran yanzu ne basa jin magana, sai da nace masa ya bari sai gobe fentin bai bushe ba ya ƙi." Ina tsaye da tsumma a hannu, ni da nake da mata da ɗa, yara huɗu da suka ji abin da aka yi da safe duk suka sunkuyar da kai. Ban ce komai ba, har yau kuma ban san ladabi ne ya hana ni ko tsoron rasa wajen cin abinci ba. Kuɗin kala da kiliya da hadna, ruwan da ke sa ta kama, a kasona aka dinga cira har kusan wata biyu. Muka sake fesa bonet a daren da janareta, haka motar ta tafi biki bonet ɗin da bawon lemonsa ba a goge ba, aka ɗaure mata ribon da balan-balan ba wanda ya lura.

Sauran abubuwan a hankali na tsince su. Duk baki da ƙashi da tambari sai na bi su da tef kafin in jona inji. Sanfefar da ta faɗi ƙasa ta tafi kenan, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta maida kai baya awa biyu. Bana tsallakewa daga 1500 zuwa inji, wanda ya yi haka zai ga layinsa bayan wanki biyu in man ya fita. Bana yarda da ƙyallin cikin rumfa, sai na tura mota rana tsaka na zagaya ta, a nan siraran layuka irin na yanar gizo-gizo da faifan gashi ya bari suke fitowa, sai a bi da soso da folish mai laushi. Sabon fenti kuma kar a shafa masa waks sai ya yi wata guda ko fi, ku gaya wa masu mota don masu wanki basa tambaya. Motar da ba a gabana aka fesa ba kuwa, sai na ji hannu nawa aka ba ta kuma yaushe.

Shi Alhajin nan ya dawo bayan shekara da wata jif, ya tsaya yana gyara hularsa a jikin ƙofar wata Accord da na gama, yace wanda ya yi wannan shi zai yi masa tasa. Bai gane ni ba, oga ma bai tuna masa ba.

Jiya da daddare sai ga kiran oga, wai akwai wata baƙar Lexus da suke so in zo in fitar musu, mai ita yana sauri. Nace yaushe aka fesa, yace ɗazu da yamma. Nace to oga sai jibi in Allah ya kai mu.