Godiya ga waɗanda suka rage gudu saboda ni

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya Asabar na kammala gudun kilomita 10 tare da 'yan ƙungiyarmu ta motsa jiki, karo na farko tun bayan haɗarin da ya karya mini ƙwauri a hanyar Kawo a Kaduna. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a.

Zan fara da mai Keke Napep ɗin da ya sauke fasinjojinsa ya kai ni asibiti, ya kuma ƙi karɓar ko kwabo. Sai likitocin ƙashi da ma'aikatan jinya. Allah ya saka muku da alheri.

Baiwar Allah da ta kula da ni a sashen gashin ƙashi ta yi haƙuri da ni matuƙa. Ita ta fahimtar da ni cewa haɗuwar ƙashi daban, komawa gudu daban. Ƙafar da ta daɗe a ɗaure takan rame, cinya da sharaɓa su saki, idon sawu ya sandare. Ta ɗora ni kan ɗaga dunduniya, da tsayuwa da ƙafa ɗaya, da hawa matakala a hankali, ta ce kada in yi ko sassarfa sai na iya doguwar tafiya ba ɗingishi. Hajiya, na gode.

Kocinmu kuwa, ban san da wane baki zan gode masa ba. Ranar da na koma Murtala Square, filin da muke gudu, zuciyata cike take da ɗoki, shi kuma ya ce minti ɗaya zan yi ina sassarfa, minti biyu ina tafiya, washegari in huta. Dalilinsa shi ne numfashi yana saurin dawowa fiye da ƙarfin agara da gaɓoɓi da ƙashi. Mutum zai ji ƙirjinsa ya buɗe, ya ƙara nisa, alhali ƙafa ba ta shirya ba, daga nan ciwon ƙwauri ko na gwiwa ya mayar da shi gida. Ma'auninsa mai sauƙi ne: in ba za ka iya amsa gaisuwa ba tare da haki ba, ka rage. In ciwo ya canza maka tako, ka tsaya. Ya hana ni kwalta da farko, sai ƙasa da ciyawa, kuma kowane mako kaɗan yake ƙara mini. A ganina wannan taka mini birki da ya yi ya fi duk wata ƙarfafa gwiwa amfani.

'Yan uwana na ƙungiya, ku ne kuka fi taɓa mini zuciya. A cikinku akwai waɗanda suka yi kilomita 21 a gudun fanfalaki na Kaduna da aka fara a 2020, amma kullum sai ɗaya ya bar sahun gaba ya dawo yana tafiya da ni kafaɗa da kafaɗa. Duk mai gudu ya san wuyar wannan, domin asubar ita ce kaɗai lokacinsa kafin ya tafi aiki ko kasuwa. Cikin hunturu, ana sanyi ana ƙura, wani daga cikinku yakan biyo ta Unguwar Rimi bayan sallar asuba ya ɗauke ni. Da azumi kuka mayar da tafiyarmu bayan tarawihi don kada in yanke. Ba wanda ya taɓa nuna mini gajiyawa.

Yayana ya shiga Kasuwar Barci ya zaɓo mini takalmin gudu mai taushin ƙasa. Jama'ar masallacinmu sun ajiye mini kujera a sahu har na iya sujada. Uwargida kuma, ruwan zafin gashi, da hidimar yara, da tashin dare, duk ita. Maman yara, Allah ya biya ki da gidan Aljanna.

Waɗanda suka zo dubiya, da masu kira, da masu addu'a daga nesa, Allah ya bar zumunci, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Duk wanda jinya, ko haihuwa, ko yawan aiki ya raba shi da gudu, in likita ya ba shi izini, ya same mu a Murtala Square ranar Asabar bayan sallar asuba. Na roƙi koci ya bar mini kula da masu dawowa, kuma ya amince.