Tifar burjin da ruwa ya kwashe mana a gindin Dala

Har yau in na bi ta lungun nan na gindin dutsen Dala a Kano, na ga jan tabon da ke jikin katangar gidan wata Hajiya, sai na kau da kai. Burjinmu ne. Ko in ce burjina, tunda rabin kuɗin tifar daga aljihuna ya fita.

Mu 14 muka fara, 'yan majalisa ɗaya. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata, da yake ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 saboda tsaftar muhalli, maimakon zaman shayi sai mu ɗauki tsintsiya da manjagara da buhuna mu nufi dutsen. Matattakalar da baƙi ke hawa su ga inda aka ce Barbushe, babban bokan Kanawan da, ya zauna, ita shara kawai muke yi mata. Damuwarmu wata 'yar hanyar ƙafa ce ta ɓangarenmu, wadda yara da masu motsa jiki da asuba suka fitar da sawunsu. Ruwan damina ya ci tsakiyarta, wani wurin ramin har gwiwa.

Ni na kawo shawarar a cike shi. A watan Afrilu ne, ana tsananin zafi. Aka yi karo-karo, na cikasa, tifa ta juye mana burji a bakin titi don ba ta iya shiga lungu. Da baro da kwanon sarki muka yi ta jidarsa, Asabar uku a jere, har tafin hannuna ya yi kanta.

Ranar ta biyu wani dattijo, tsohon magini ne a unguwar, ya tsaya yana kallonmu.

"Malam, sannunku da aiki. Ina za ku kai ruwan?"

"Wane ruwa kuma, Baba?"

"Wanda ya haƙa ramin. Hanyarsa kuke cikewa. In ba ku nuna masa wata ba, shi zai zaɓa da kansa."

Na ce, "To Baba, za a duba." Irin "to" ɗin nan da ake yi wa babba don magana ta mutu. A raina kuwa cewa na yi ina ruwansa, mu da ke cikin rana muna aikin lada. Muka cike, muka shafe saman da bayan shebur, aka yi hotuna aka zuba a Facebook.

Ruwa mai ƙarfi na farko ya sauko cikin dare a watan Yuni. Kafin in dawo daga sallar asuba yara sun zo kirana. Burjin nan kaf ya gangaro, ya tarar da lambatun gindin dutsen cike da ledar fiya wata, ya toshe shi. Ruwan ya rasa hanya, ya faɗa soron Hajiya, ya kwanta a gindin katangarta, ga shi ginin ƙasa ne. Allah ya tsare ba ta faɗi ba. Kwana biyu muna kwashe laka, muka sayi siminti aka yi wa gindin katangar filasta, muka bi mai unguwa muka je ban haƙuri. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "'Ya'yan nan, Allah ya yi muku albarka, amma ku riƙa tambaya." Da ma zagina ta yi, da ya fi min sauƙi.

Abin da ya fi ci min rai, an gaya min. A gabana, da Hausa. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, ni kuwa a kan Dala nake tsaye ban gani ba.

Da na je wa Baba ban tsaya kwana-kwana ba. Bai ce komai a kan baya ba, sai ya ce in hadari ya haɗo in zo mu hau tare. A cikin ruwan muka tsaya, ya nuna min inda yake taruwa da inda yake ƙara gudu. Wanda zai gyara hanya a kan tudu, wallahi ya fara yin wannan kafin ya sayi ko kwano ɗaya na ƙasa. Daga sama ake farawa, mu kuwa daga ƙasa muka faro. Ana jera duwatsu a karkace su ratsa hanyar, a binne rabinsu, don su karya gudun ruwan su kautar da shi gefe, inda gangara ta yi tsanani a matso da layukan kusa da juna. Burji kuma kaɗan-kaɗan ake zuba shi, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Mu tuli guda muka antaya. Lambatun gindin dutsen kuwa, tun kafin damina ake yashe shi, kafin ma a taɓa hanyar.

Sai dai a wannan karon mu biyar muka rage. Masu hoto duk sun sami uzuri, wani ma har yau yana cewa da ma shi bai yarda da cikon ba. Da hannunsa ya tura baro.

Hanyar ta tsallake ruwan Agusta, layin duwatsu ɗaya ne kawai ya goce, shi za mu gyara Asabar mai zuwa. Baba kuwa duk inda muka haɗu, ko a masallaci ne, bayan gaisuwa sai ya ce, "Malam, ina za ku kai ruwan?"