Tunjere da kanjamau a layin awon ciki: abin da aiki ya nuna mana

A wajen awon ciki, idan muka tambayi masu juna biyu cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kanjamau ce ke fara fitowa daga bakinsu, sai ciwon sanyi. Tunjere kuwa ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali shi ne yake kashe ɗa a ciki ba tare da uwa ta ji ko ciwon kai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2016 tunjere ya jawo haihuwar jarirai ba rai da mutuwar sababbin haihuwa sama da 200,000.

Tushen matsalar shi ne yawancin mata suna auna lafiyarsu da alamu: ba ƙaiƙayi, ba fitar ruwa, to lafiya lau. Mikin farko na tunjere ba ya zafi, sau da yawa yana ɓuya can ciki, kuma yana warkewa da kansa cikin mako 3 zuwa 6 alhali ƙwayar tana nan a jini. Saboda haka muka rage dogon jawabi a kan alamu, muka tsaya a kan magana ɗaya: gwajin jini ne kaɗai zai faɗa miki.

Gwajin a zuwan farko muke yinsa, da ɗigon jini daga yatsa, kuma akwai wanda yake duba kanjamau da tunjere tare, sakamako ya fito cikin minti 20. Idan ya nuna tunjere, a ranar za a yi mata allura, domin wadda aka ce ta dawo gobe ba lallai ta dawo ba. Maganin shi ne benzathine penicillin, yunit miliyan 2.4 a tsokar ɗuwawu. Sabon kamu allura ɗaya ta isa. Idan ba a san daɗewarsa ba, sau uku ne, mako-mako. A fara tambayarta ko penisilin ya taɓa yi mata illa. Ruwan allurar yana da kauri, in ba a girgiza shi sosai an yi da hanzari ba yakan toshe bakin allura. A kuma gaya mata zazzaɓi na iya zuwa cikin awa 24, kuma in ta ji mara na murɗawa ko motsin ɗa ya ragu ta dawo nan take. Ba a ba mai ciki doxycycline, wani maganin tunjere da ake sha. Domin ɗan ya tsira, ana so a yi maganin aƙalla kwana 30 kafin haihuwa, shi ya sa fara awo a wata na bakwai yake damunmu ƙwarai.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wajen maigida. In bai sha magani ba zai sake sa mata cutar. Ba ma ɗora wa mace nauyin kai masa labari ita kaɗai, don yana iya zama fitina a gida. Mukan ba ta takardar gayyata cewa ana neman uba saboda lafiyar jariri, a yi masa bayani a keɓe.

Game da kanjamau, mata da yawa sun san ana iya sa wa ɗa, amma ba su san ana iya hanawa ba. Ba tare da magani ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 suna kamuwa. Da shan magani kullum adadin yana sauka ƙasa da 5. Mukan haɗa da tunatar da su a yi wa jariri rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin awa 24 da haihuwa, ko da a gida aka haihu.