Kumfar katalas a kan gilashin gwaji

Idan samfurin mugunyar maruru ya tsiro a farantin renon ƙwayoyin cuta, na kuma duba a madubin ƙara girma na ga ƙwayoyi ne kewayayyu masu launin shuɗi-ja, gwajin katalas nake fara yi. Ɗigo ɗaya na haidirojin faroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 a kan gilashi, sai in ɗebo tsiron da tsinke in taɓa. Kumfa ta taso nan take, dangin Staphylococcus ne. In shiru, sai in karkata wajen Streptococcus.

Kumfar nan garkuwar ƙwayar ce. Farin ƙwayar jini in ta haɗiye ƙwayar cuta, sai ta antaya mata sufa'oksaid da faroksaid, har da irin sinadarin da ke cikin bilic. Ita kuwa ƙwayar cutar tana da enzayim na kare kai, wato sinadaran da ke farfasa waɗannan gubobi: wanda ake kira SOD ya mayar da sufa'oksaid faroksaid, katalas ya farfasa faroksaid ɗin ya koma ruwa da iskar oksijin. Iskar ce ke tasowa a gilashin.

Abubuwa uku ke ɓata gwajin. Farantin jini: jajayen ƙwayoyin jini suna da nasu katalas, in tsinke ya kankaro ƙasan farantin sai kumfar ƙarya ta fito, don haka saman tsiron kawai nake shafa. Wayar ƙarfe ma kan tayar da kumfa ita kaɗai, shi ya sa nake riƙon tsinken katako. Na uku shi ya fi damun mu a Zariya. Zafin Maris da Afrilu, ga wuta ta ɗauke firiji ya huce, faroksaid ya salance, sai Staphylococcus ya yi shiru. Kwalba mai duhu nake ajiye shi, kuma kowace safiya sai na gwada shi da Staphylococcus aureus da na riga na tabbatar. Tsiron da ya wuce awa 24 ba na yarda da shirunsa.

A tarin fuka lamarin ya juye. Ƙwayar tana da nata katalas, KatG, wanda ke kare ta a cikin ƙwayoyin garkuwar huhu, amma shi ne kuma ke tayar da maganin isoniyazid ya zama guba gare ta. Sauyin halitta da ake kira S315T a KatG kan bar mata kariyar, ya hana maganin aiki. Gwajin GeneXpert na gano tarin fuka da aka saba da shi bijirewar maganin rifamfisin kawai yake nunawa, sai an kai samfurin ɗakin gwaji irin na cibiyar tarin fuka ta Saye kafin a ga bijirewar isoniyazid.